Yadda kwamfutar gida ɗaya ta buɗe rumbun LastPass

A shekarar 2022, mutum huɗu ne kacal a kamfanin LastPass ke riƙe da makullan ma'ajiyar da aka tara kwafin bayanan abokan cinikinsa. Dukansu manyan injiniyoyi ne, waɗanda harkar kwamfuta ita ce abincinsu. A watan Agustan 2022 wani mai kutse ya ware ɗaya daga cikinsu, ya ƙyale ofis da duk matakan tsaronsa, ya bi mutumin har gida. Ta manhajar kallon finafinai ya shiga.

LastPass kamfanin Amurka ne da ke Boston, kuma sana'arsa ajiye wa mutane kalmomin sirri. Maimakon ka haddace ta Gmail daban, ta banki daban, ta Facebook daban, ta wurin aiki daban, sai ka zuba su duka a taska ɗaya, ka rufe ta da babbar kalma guda wadda kai kaɗai ka sani. A lokacin da abin ya faru, kamfanin na cewa yana da masu amfani da shi sama da miliyan 33, ga kamfanoni fiye da 100,000. Abin da yake tinƙaho da shi shi ne ko shi kansa bai san babbar kalmarka ba. A cikin wayarka ko kwamfutarka ake rufe taskar, a rufe kuma take isa wurinsu. Wannan magana gaskiya ce, ita ma ta hana ɓarnar ta fi haka muni. Sai dai akwai inda ta tsaya.

Kutsen hawa biyu ne. Na farko ya ɗauki kwana huɗu, ya ƙare ranar 12 ga Agusta. An shiga laftof ɗin aiki ta wani mai rubuta manhaja, ta nan aka kai ga sashen da kamfanin ke ƙera kayansa, aka kwashe wani ɓangare na rubutun manhajar da takardun da ke bayanin yadda aka tsara komai daga ciki. Babu bayanan kwastoma a wannan sashe. Ranar 25 ga Agusta shugaban kamfanin, Karim Toubba, ya sanar da jama'a, ya ce ba a ga alamar an taɓa taskar kowa ba.

Amma cikin abin da ɓarawon ya kwasa akwai wasu lambobin da ke kai mutum ga ma'ajiyar kamfanin a kwamfutocin Amazon, su ma a rufe. Kamfanin ya san da haka. Ya kwantar da hankalinsa da cewa mabuɗinsu na wani wuri dabam, cikin taskokin mutanen nan huɗu, inda ɓarawon bai kai ba. A takarda lissafin ya yi. Abin da aka manta shi ne mutumin ya riga ya karanta takardun cikin gida, ya san abin da ya rage masa da inda zai neme shi. A ranar da aka rufe masa ƙofar farko, a ranar ya fara aikin ta biyu.

Abin da ya faru a gidan injiniyan

Plex manhaja ce da mutum ke sa wa a kwamfutarsa ta gida, ya tara finafinai da waƙoƙi da hotunan iyali, sai ya riƙa kallonsu a talabijin ɗin falo, ko a wayarsa ko da yana wani gari. Don hakan ya yiwu, kwamfutar kan zauna a kunne dare da rana, tana sauraron duk wanda zai ƙwanƙwaso daga intanet. Halastacciyar manhaja ce, miliyoyin mutane na amfani da ita, kuma babu laifin da injiniyan ya yi don ya sa ta.

A farkon 2020 masu bincike na kamfanin Tenable suka gano ɓaraka a cikinta. Akwai sashen da ake loda hotuna daga kyamara. Idan wani ya samu shiga asusun mai kula da manhajar, zai iya loda wani fayil da ya shirya ta wannan sashe, ya sa kwamfutar ta karanta shi a matsayin umarni. Daga nan duk abin da ya ce ta yi, za ta yi. Plex ya toshe ɓarakar a watan Mayun 2020, a siga ta 1.19.3. Injiniyan bai sabunta tasa ba. Da 'yan jarida suka tambayi Plex bayan asiri ya tonu, sai ya ce sigar da ta gyara matsalar an wuce ta da kusan sigogi 75. Sama da shekara biyu ke nan maganin na nan, kyauta, yana jiran a danna.

A lura, ba kowane mai wucewa ne zai iya amfani da wannan ɓaraka ba, tunda sai da asusun mai kula. LastPass ya ce abu uku ɓarawon ya haɗa: abin da ya sata a zuwan farko, bayanan da suka fita daga kutsen da aka yi wa wani kamfani dabam, sai ɓarakar kanta. Wato farautar mutum ɗaya aka zauna aka yi, da haƙuri.

Da ya shiga, bai goge komai ba, bai kulle kwamfutar ya nemi kuɗin fansa ba. Wata 'yar manhaja ya dasa mai naɗe duk abin da aka danna a madannai. Irin wannan ba ta fito da saƙo, ba ta sa kwamfuta ta yi nauyin da za a lura. Ka buɗe shafin shiga, ka danna harafin farko na kalmar sirrinka, a allo baƙin ɗigo ne zai fito don kada na kusa da kai ya gani, ita kuwa ta riga ta rubuta ainihin harafin. Ka danna na biyu, ta rubuta. Ko kalmarka ta kai harafi 40, da manya da ƙanana da alamomi, haka za ta kwafe ta tsaf, don ba canka take yi ba, kallonka take yi kana rubutawa. Da injiniyan ya shigar da babbar kalmarsa a kwamfutar gidan, an gama.

To ina tabbaci mai mataki biyu, wato lambar nan da ake nema bayan kalmar sirri? Akwai shi. Amma kowa ya san ɗan akwatin da ake tambaya ko a amince da wannan na'ura, kada a sake neman lamba a kanta. Idan ka amsa, shafin kan ajiye wata 'yar shaida a cikin burauzarka, wadda zai riƙa gani ya ce wannan na gida ne. Binciken hukumar kare bayanai ta Birtaniya ya nuna da wannan shaida ɓarawon ya tsallake mataki na biyu. Wanda ya riga ya zauna a cikin kwamfutarka, abin da ke cikin burauzar ma nasa ne.

Sai kuma abu na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Injiniyan na da taska biyu, tasa ta kansa da ta aiki, kuma an haɗa su da babbar kalma ɗaya. Tsarin kamfanin ne ya yarda da hakan. Kalmar da mutum zai shigar don ya duba asusunsa na sayayya ita ce ke buɗe inda aka ajiye makullan Amazon na kamfanin gaba ɗaya.

Wata biyu da rabi

Daga 12 ga Agusta har 26 ga Oktoba ɓarawon na aiki: yana leƙe, yana lissafa abin da ke akwai, yana kwasa. A tsakiyar wannan lokaci, ranar 15 ga Satumba, LastPass ya fito ya ce ya kammala bincike tare da kamfanin binciken kutse na Mandiant, kutsen bai wuce kwana huɗu ba, kuma babu shaidar an kai ga bayanan kwastoma. A kan zuwan farko gaskiya suka faɗa. Na biyun ne ba su san yana gudana ba.

Dalilin da ya sa aka daɗe ba a gane ba shi ne babu abin da aka fasa. Da makulli na ƙwarai aka buɗe, da sunan ma'aikacin da ke da izinin buɗewa. Kamfanin da bakinsa ya ce masu bincike sun sha wuya wajen bambance aikin ɓarawon da aikin yau da kullum. Sai da ya yi ƙoƙarin yin wasu abubuwa da suka saɓa wa al'ada, sannan GuardDuty, tsarin sa ido na Amazon, ya yi ƙara.

Ranar 30 ga Nuwamba kamfanin ya ce an kai ga wasu bayanan kwastomomi, bai fayyace ba. Ranar 22 ga Disamba, ana saura kwana uku Kirsimeti, ma'aikatan tsaro na kamfanoni da yawa sun tafi hutu, sai ya faɗi sauran: an kwafe taskokin. Labarin kwamfutar gidan kuwa bai fito ba sai ƙarshen Fabrairun 2023.

Abin da aka ɗauka kashi biyu ne. Akwai na fili: sunaye, adireshin biyan kuɗi, imel, lambar waya, da lambar intanet ɗin da mutum ke shiga da ita. Akwai kuma taskokin kansu, inda sunayen shiga da kalmomin sirri da rubuce-rubucen ɓoye ke rufe da kulle mai ƙarfi. Amma a cikin kowace taska, adireshin shafukan ba a rufe suke ba. Ɓarawon bai ga kalmar sirrinka ba, amma ya ga kana da asusu a kasuwannin kirifto irin su Coinbase ko Binance, ya ga bankinka, ya ga kamfanin da kake wa aiki. Cikin miliyoyin taskoki, wannan ya ishe shi ya zaɓi waɗanda suka cancanci wahala.

Kuma wahalar mai yiwuwa ce. Idan ɓarawo na ƙoƙarin buɗe akwatin ƙarfe a shagonka, yana tsoron maigadi da wayewar gari. Idan ya ɗauke akwatin ya kai ɗakinsa, sai ranar da ya ga dama. A shafin LastPass, kuskure kaɗan za ka yi a dakatar da kai. A kan kwafin da ke hannun ɓarawo babu mai dakatar da shi, zai jera injina su yi ta gwada kalmomi har shekaru.

A sanarwar Disamba kamfanin ya ce wanda ya bi ƙa'idojinsa, sai an yi miliyoyin shekaru kafin a canki babbar kalmarsa. Masana irin su Wladimir Palant, wanda ya ƙirƙiri manhajar toshe talla ta Adblock Plus, suka yi wa wannan magana ca. Hujjarsu a fili take. Kafin babbar kalma ta zama mabuɗi, ana juya ta cikin wani lissafi sau da yawa, don kowane gwaji ya ci wa ɓarawo lokaci. Tun 2018 LastPass ya sa adadin ya zama 100,100 ga sababbin asusai, wanda ko shi bai kai 310,000 da ƙungiyar masana tsaron manhaja ta OWASP ke ba da shawara a lokacin ba. Tsofaffin asusai da yawa kuwa an bar su a 5,000, wasu a 500, har aka samu masu 1. Haka dokar cewa babbar kalma ta kai harafi 12: an kafa ta a 2018, amma ba a tilasta wa tsofaffin kwastomomi ba. Waɗanda suka fi daɗewa da amince wa kamfanin su suka fi zama a fili. Kuma miliyoyin shekarun nan lissafin kalmar da inji ya haɗa barkatai ne. Ɗan Adam kan ɗauki sunan 'yarsa ne ya ƙara shekarar haihuwa da alamar motsin rai.

Inda kuɗin suka fara zuba

Kalmar sirrin banki ko ta imel, idan an ji labari sai a canza, tsohuwar ta zama banza. Kalmomi 12 ko 24 da ke riƙe da walat ɗin kirifto, wato asusun kuɗin intanet irin su Bitcoin, ba sa canzuwa. Duk wanda ya same su ya samu kuɗin, babu manajan bankin da za a kira, babu mayarwa. Mutane da yawa kuma a sashen rubutun ɓoye na LastPass suka ajiye su, suna ganin nan ne ya fi ko'ina aminci.

A watan Satumban 2023 ɗan jarida Brian Krebs ya wallafa binciken Taylor Monahan ta MetaMask, manhajar walat ɗin kirifto, da wasu abokan aikinta. Sun bi sawun satar sama da dala miliyan 35 daga mutum fiye da 150. Waɗanda aka yi wa satar ba sababbin shiga ba ne, akasari tsofaffin hannu ne masu taka-tsantsan, kuma ba a ga an kutsa imel ɗinsu ko an sace layin wayarsu ba, kamar yadda aka saba gani. Abin da ya haɗa kusan dukansu shi ne sun taɓa ajiye kalmomin walat a LastPass. Wani mai bin diddigin satar kirifto da aka sani da ZachXBT ya ƙirga kusan dala miliyan 4.4 da suka tafi a yini ɗaya, ranar 25 ga Oktoban shekarar.

Mafi girma ta zo ranar 30 ga Janairun 2024, lokacin da aka kwashe kuɗin kirifto na XRP daga asusan Chris Larsen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kirifto na Ripple. A watan Maris na 2025 masu gabatar da ƙara na tarayya a arewacin Kalifoniya suka shigar da takardar neman riƙe kusan dala miliyan 24 da aka ƙwato daga wannan sata, wadda suka ƙiyasta a dala miliyan 150. Takardar ta ce mai kuɗin ya ajiye makullansa ne a wani kamfanin ajiye kalmomin sirri da aka kutsa sau biyu a 2022, kuma jami'an bincike na ganin daga nan aka samo su. LastPass dai ya ce ba a nuna masa gamsasshiyar hujjar da ta danganta sace-sacen da kutsen ba. Hukumar Birtaniya ma ta ce ba ta ga shaidar an buɗe kalmomin sirrin kwastomomi ba. Mai karatu na iya auna maganganun da kansa. Ni dai da wuya in yarda cewa duk wannan dacewa ce kawai.

Laifin wa?

Da labarin Plex ya fito, ba'a ta koma kan injiniyan: babban masani, ya kasa danna afdet shekara biyu. Ya yi sakaci, babu musu. Amma tsayawa a nan barin jaki ne ana dukan taiki. Kwamfutar gida ba ta da mai ita a tsarin kamfani. Ta ofis akwai sashen da ke tura mata gyara ko mai ita ya so ko ya ƙi, akwai manhajar da ke sa ido, akwai jerin abin da aka hana sakawa. Ta gida kuwa, abin da mutum ya tuna shi ake yi, kuma mai aikin kwamfuta daga safe zuwa dare shi ne ya fi ƙin taɓa wadda ke aiki lafiya a gida. Kamfanin da ya san makullansa na hannun mutum huɗu, ya kuma san an riga an sace rabin abin da ake buƙata, shi ya kamata ya hana a buɗe taskar aiki a na'urar da ba ya gani.

Haka hukumar Birtaniya ta kalli abin. A watan Disamban 2025 ta ci reshen kamfanin na ƙasar tarar fam miliyan 1.2, saboda gaza ɗaukar matakan da suka dace, lamarin da ya shafi mutum har miliyan 1.6 a Birtaniya. In ka raba, bai kai fam ɗaya a kan kowane mutum ba.

Wani zai ce wannan rigimar manya ce, wa zai zauna ya yi farautata? Gaskiya ne, akasarinmu ba mu kai a ware mu ba. Amma ba sai an ware ka ba. Abin da aka yi wa injiniyan da hannu, yanzu akwai manhajoji da ake haya masu yin sa a kan kowa: su kwashe kalmomin sirrin da ke cikin burauza, da shaidar nan ta amincewa da na'ura, da fayilolin walat. A watan Mayun 2025 Microsoft ya ce cikin wata biyu kacal ya gano kwamfutocin Windows sama da 394,000 da ɗaya daga cikinsu, mai suna Lumma, ta kama a faɗin duniya. Cikin hanyoyin da irinsu ke bi har da manhajojin da aka fasa ana rabawa kyauta.

Nan ne abin ya zo kusa da mu. Laftof ɗin da aka sayo ta hannu, mai shago ya cika ta da Office da Photoshop fasassu a matsayin kyautatawa. An kashe afdet tun ranar farko, don yana cinye data, kuma fasasshiyar manhaja kan yi gardama idan aka sabunta. Da rana akawu na shiga asusun bankin ofis da ita, da yamma yara na sauke wasanni, da dare wani ya sa filashi ya kwafi fim. Da yawansu Windows 10 ne a kai, wanda Microsoft ya daina ba shi gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin injina da dama ba sa ɗaukar Windows 11. Ga matasan da suka yi haƙar kuɗin kirifto na Pi da sauransu, waɗanda kalmominsu 24 ke cikin hoton allo a waya, ko a saƙon da mutum ya tura wa kansa a WhatsApp, alhali WhatsApp ɗin na buɗe a wannan laftof ɗin.

LastPass ya yi gyare-gyare daga baya. Ya ɗaga adadin juyin lissafi zuwa 600,000, ya tilasta harafi 12 a kan kowa daga Janairun 2024, ya kuma fara rufe adireshin shafuka a shekarar. Duk wannan na aiki ne a kan taskar da ke hannun kamfanin yau. Kwafin da ya fita a 2022 yana nan yadda ya fita, da tsohuwar babbar kalmar, da tsohon adadin, ko da mai shi ya canza komai ko ya rufe asusunsa. Wanda ya taɓa ajiye kalmomin walat a can kafin lokacin, canza babbar kalma ba ta fitar da shi. Sai ya buɗe sabon walat da sababbin kalmomi, ya kwashe kuɗin zuwa can.